Wasiƙa daga Ahmadabad ta ƙasar Indiya: bakin gulbinsu da namu na Matan Fada

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Inna da su Kawu da yara baki ɗaya. Ni ma lafiya lau, sai zafi, wanda ba shi da maraba da namu na Argungu a watan Afrilu.

Ka tambaye ni a waya game da hoton bakin ruwan nan da na turo, wai da gaske haka wurin yake ko gyaran hoto ne. Haka yake. Kusan kowace Juma'a da la'asar can nake zuwa, kuma duk zuwan da na yi sai Matan Fada ta faɗo mini a rai. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuto maka a tsanake, don maganar ta fi ƙarfin katin waya.

Sunan gulbin Sabarmati, a gefensa Sarki Ahmad Shah ya kafa birnin nan a 1411. Asalinsa gulbin damina ne. Da rani ƙafewa yake yi, sai rairayi da ɗan ruwa yana bin gefe. A cikin rairayin nan mutane suke noman rani, marina suna shanya yadi, masu wanki suna bugun kaya, talakawa kuma suka kakkafa bukkoki a gaɓa, magudanan ƙazantar gari suna zuba a ciki. A 1997 hukumar birni ta kafa kamfani na musamman don gyaran wurin, aka fara aiki a 2005, aka soma buɗe wa jama'a a 2012. Katangun kankare suka gina hagu da dama, suka matse gulbin ya zama faɗinsa ɗaya, mita 263, suka cike abin da ya rage da ƙasa har aka samu fili kimanin hekta 200. A kan filin nan aka yi lambuna da hanyoyi, a ƙasa dab da ruwa kuma aka shimfiɗa hanyar ƙafa mai tsawon fiye da kilomita 11 a kowace gaɓa.

Ruwan da ka gani cike a hoton, ruwan aro ne. Daga babbar hanyar ruwa ta gulbin Narmada ake sako shi, madatsar Vasna kuma ta tare shi a ƙasan gari. Mu namu Allah ne ya ba mu, ba mu roƙi kowa ba.

Kankaren bai ba ni mamaki ba, Yaya, don mu ma mun iya zuba siminti. Hidimar yau da gobe ce ta tsaya mini a rai. Akwai ranar da na fita bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, na iske wata dattijuwa da doguwar tsintsiya tana share matakalar da ke gangarawa ruwa. Ɗaya bayan ɗaya take bin su, har ledar da ta maƙale a tsakanin ƙarafa sai da ta sa hannu ta zaro. Bayan mako biyu na sake komawa a wannan lokaci, ita ce dai a wurin. Bayin jama'a a buɗe yake, da ruwa a famfo. Fitilu suna kamawa da magariba, wadda ta mutu kuma ba ta daɗewa a mace. Saboda haka da dare za ka ga mace da 'ya'yanta ƙanana suna tafiya hankali kwance, tsofaffi suna taka sayyada don motsa jini, ɗalibai irinmu kuma mun baje a kan benci da littattafai. Hanyar ƙafa kyauta ce. Lambunan da aka kewaye da gadar Atal, wadda aka buɗe a 2022 don masu tafiya a ƙasa kawai, su ne ake biyan kuɗin shiga, kuma kuɗin bai kai ya hana mai ƙaramin ƙarfi zuwa jefi-jefi ba. Biyan ma da waya ne. Mai shayi, mai gyaɗa, mai ba da hayar keke, kowa da ɗan allonsa mai zane, ka haska da waya kuɗi su tafi nan take, babu neman canji, babu jiran a ce saƙo bai shigo ba.

Ta fannin kaya kuwa, ba komai suka fi mu ba. Kifi dai kada ma a soma. Yawancin mutanen jihar Gujarat ba sa cin nama, sai ka shiga unguwannin Musulmi na tsohon gari kake samun nama da kifi a wadace, wanda na saya kuma ya sha ƙanƙara har ɗanɗanonsa ya gudu. Na tuna tarwaɗar da Kawu yake kawowa tana motsi a cikin ƙwarya, da ƙarfasar da Inna take soyawa tun ba ta gama hucewa daga ruwa ba. Shinkafarsu doguwa ce mai ƙamshi, amma ba ta ɗaurin tuwo kamar tamu ta fadama. Inda suka yi mana nisa shi ne kayan ƙarfe da yadi. Akwai kasuwar Lahadi da suke kira Gujari, wadda aka ce ta kai shekara 600 tana ci. A cikin rairayin gulbi take a dā, kusa da gadar Ellis, da aka zo gyara sai aka daɓe mata wuri a gaɓar gabas. A can na sayi tukunya da fanka da tsofaffin littattafai uku, duka a kan abin da ba zai sayi fankar kaɗai a gida ba. Ciniki kuwa sak irin namu, a taya a yi albarka, ka juya baya a kira ka.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai in ce a zo a kwafa kawai. Amma wata rana na shiga keke mai ƙafa uku, irin wadda muke hawa a Birnin Kebbi, Bajaj ɗin nan dai. Direban dattijo ne Musulmi mai jan gemu na lalle. Da ya ji sunana sai ya yi mini sallama, muka kama hira da guntun Turanci da guntun yarensu da na tsinta. Muna hawa gada ya rage gudu, ya nuna mini wani lambu mai furanni a ƙasa, ya ce nan ɗakinsa yake, nan aka haifi 'ya'yansa. An ba shi gida a bene a Vatva, can bayan gari. Bai ce gidan ba shi da kyau ba, ya ma ce yanzu ruwa ba ya cin su da damina. Sai dai matarsa da take aikatau a gidajen da ke kusa da gulbi ta rasa aikin, don kuɗin motar zuwa da dawowa ya cinye ladan. Maƙwabtan da suka yi shekaru tare an warwatsa su, kowa da inda ƙuri'a ta jefa shi. Na tambaye shi ko yana kawo jikokinsa lambun. Ya girgiza kai, ya ja kekensa. Iyalai sama da 10,000 aka tayar daga gaɓar nan, kuma sai da magana ta kai Babbar Kotun Gujarat a kan sake musu matsuguni. Tun ranar, in na zauna a bencin nan nakan ji wani nauyi a ƙirji.

Masu wanki an gina musu wuri na zamani da kwatamai da famfuna, hakan ya yi kyau. Manoman rani na cikin rairayi kuwa, ruwan aro ya rufe gonakinsu. In ka gangara ƙasan madatsar Vasna kuma, ruwan baƙi ne mai wari, duk da manyan bututan da aka binne a gaɓa don kwashe ƙazanta zuwa wuraren tacewa, har kotu ta ɗauki maganar da kanta a 2021. Sun kuma kawo jirgin sama mai sauka a kan ruwa a 2020, bai cika shekara ba aka dakatar da shi.

To, ga abin da ke raina game da gida. Mu muna da abin da kuɗi ba su saye. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a Argungu, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Muna da Sarkin Ruwa da Homa shugaban masunta, muna da dokar da ta hana kamun kifi a Matan Fada sai ranar biki, kuma jama'a suna bin ta ba don tsoron ɗan sanda ba. Ka san yadda wurin yake in an buga bindiga, dubban masunta suka ruga da gora da koma, ƙura ta tashi, ganguna suna tashi daga cikin kwalekwale. Ka kuma san yadda yake bayan baƙi sun watse: shiru, sai leda da iska take kaɗawa. Kwana huɗu muke morar wurin, sauran kwanakin shekara yana zaman jira.

Ba na fatan a yi wa gulbinmu katangar kankare. Ruwan da ke malala cikin fadama shi ke kawo lakar da shinkafa take so, a can kuma kifi ke hayayyafa. In aka matse shi, ranar da aka buɗe madatsar Goronyo ruwan sai ya nemi hanya, kuma mun ga ambaliyar 2010 da ta 2020 da idonmu. Nan ma in aka sako ruwa daga madatsar Dharoi da damina, hanyar ƙafar nan nutsewa take yi, a rufe ta, ruwa ya janye a zo a kwashe laka. Abin da nake so mai sauƙi ne: itatuwan inuwa irin su giginya da ɗorawa da tsamiya, bencin da ruwa ba zai ɗauke ba, fitila mai amfani da hasken rana, bayi mai ruwa, wurin alwala, da rumfunan da mata za su riƙa soya kifi su sayar. Sannan a ɗauki masu shara daga cikin 'yan unguwa, a riƙa biyansu a kan kari. Kafin a zana komai a takarda kuwa, a tara masunta da masu fito da mata masu wanki da Fulanin da ke shayar da shanu, kowa ya nuna mashigarsa, a bar masa ita.

Don Allah in ka je gaida Kawu, ka karanta masa wannan, ka tambaye shi wurare nawa ne daga Matan Fada zuwa gada ake sauke kwalekwale, da inda ruwa yake tsayawa in ya cika sosai. Ka rubuto mini yadda ya faɗa, har da sunayen wuraren. Ka gaida Inna, ka ce mata kuka da daddawar da ta ba ni sun kusa ƙarewa, in an samu mai zuwa a haɗo mini da busasshen kifi.

Ƙaninka.