Lambar Mai Kira Ko Lambar Da Aka Kira: Da Wacce Ake Nemo Kiran Da Aka Naɗa?

Malama, kin ce cibiyarku ta amsa kiran waya da ke Gombe tana da layuka uku, na ƙorafi da na dillalai da kuma wanda kuka saka a tallar rediyo, kuma shugabanku ya buƙaci a tattaro masa duk kiran da ya shigo ta layin tallar a watan jiya domin ya saurara. Kin tambaya ko da lambobin masu kira za ki nema, ko kuwa akwai hanyar da ta fi.

Manhajar naɗar kira tana liƙa lambobi biyu a jikin kowane kira. Ta farko ita ce lambar wayar wanda ya kira, wadda ake rubutawa ANI a wasu manhajoji. Ta biyu ita ce lambar da ya danna kafin kiran ya iso gare ku, wato DNIS.

Neman da aka yi da lambar mai kira yana da amfani idan maganar mutum ɗaya ake bi, kamar abokin cinikin da ya ce ya kira sau uku ba a biya masa buƙata ba. Rauninsa kuwa sananne ne a wajenmu, domin mutum guda yakan riƙe layi biyu ko uku, dattijo a Kumo ko Dukku yakan ari wayar ɗansa ya kira, wani kuma yakan ɓoye lambarsa sai gurbin lambar a rahoton kira ya zo fanko. Ga aikin da aka ba ki ma ba zai yi ba ko kaɗan, tunda ba ki san su waye suka ji tallar ba, balle ki san lambobinsu.

Lambar da aka kira ita ce ta dace da buƙatarki, saboda taku ce, ba ta canzawa, kuma mai kira ba shi da ikon ɓoye ta. Da kin rubuta lambar layin tallar, kika sa ranar farko da ta ƙarshen wata, duk kiran zai fito a jere. Sai dai a nan ne ake yawan tuntuɓe. A manhajar sarrafa kira ta FreePBX, alal misali, gurbin Destination na rahoton kira sau da yawa lambar cikin gida yake nunawa, wato ta layin jira ko ta teburin ma'aikacin da ya ɗaga, irin su 101 ko 600, alhali lambar da mai kiran ya danna tana gurbin DID. Wanda ya nema a gurbin da bai dace ba sai ya ga babu komai, ya ɗauka tallar ce ba ta yi tasiri ba.

Matsalar da ta fi wannan girma ita ce karkatar da kira. Idan layin tallar sim ne da aka karkatar zuwa babban layin cibiyar, to babban layin ne manhajar za ta gani a matsayin lambar da aka kira, kuma idan haka aka yi wa sauran layukan, kiran layukan uku zai cakuɗe wuri guda, sai fa idan kamfanin sadarwar yana turo lambar asali tare da kiran kuma an saita manhajar ta ajiye ta. Saboda haka kafin ki yi wa shugabanku alƙawari, ki kira kowane layi da wayarki, ki buɗe rahoton ki ga abin da ya fito a gurbin. Idan lamba ɗaya kika gani har sau uku, kiran watan jiya ba zai rabu ta wannan hanya ba, kuma wajibi ne mai kula da na'urarku ya gyara saitin tun kafin a sake sa tallar.

Akwai kuma batun tsarin rubuta lamba, wanda ya shafi hanyoyin biyu. Wata manhajar takan ajiye ta da sifili a farko, wata da +234 ba tare da sifilin ba, don haka ya fi aminci ki nema da alƙaluma goma na ƙarshe idan manhajar ta yarda da neman ɓangare.

A ganina bai kamata izinin amfani da hanyoyin biyu ya zama ɗaya ba. Nema da lambar mai kira yana buɗe tarihin mutum guda gaba ɗaya, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa cibiyarku alhakin tsare irin wannan, don haka a taƙaita shi ga masu sa ido da sashen ƙorafi, a kuma kunna rajistar da ke nuna wanda ya saurari wane kira da lokacin da ya saurara.