Flashin manuwel ko na TTL: wanne mai ɗaukar hoton biki a Yamai ya kamata ya saya?

Duk ƙanen da ya fara ɗaukar hoto a nan Yamai, da zarar ya tara ƴan kuɗi sai ya zo mini da tambaya guda: "Yaya, flashin otomatik zan saya ko manuwel?" Amsata kusan kullum ɗaya ce. Sayi manuwel.

Na otomatik, wanda ake kira TTL, kafin ya haska sai ya saki wani ɗan ƙaramin haske da ido bai cika lura da shi ba. Kyamara ta auna abin da ya dawo ta cikin gilashinta, sannan ta gaya wa flashi ƙarfin da zai ba da. Canon na kiran nata E-TTL II, Nikon kuma i-TTL, kuma ba sa jin yaren juna. Na manuwel babu wannan shawarar. Kai ne za ka sa masa ƙarfi, daga 1/1, wato cikakken ƙarfi, har zuwa 1/128, mafi ƙanƙanta, kuma abin da ka sa shi zai yi ta bayarwa har sai ka canza.

Matsalar TTL a wajenmu tufafinmu ne. Ma'aunin kyamara yana so ya mai da komai tsaka-tsaki, ba fari ba baƙi. To ga ango cikin farar shadda mai sheƙi, abokansa huɗu su ma farare tas. Ɗan hasken gwajin ya bugi shaddar ya dawo da ƙarfi, kyamara ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage. Riga ta fito da kyau, fuskokin bayin Allah sun dushe. Ka juya wajen uwar amarya mai baƙin leshi, bayanta duhun dare, sai flashi ya zazzage ƙarfinsa goshinta ya yi fari fat. Akwai maɓallin ƙari da ragi na gyara wannan, amma in dai kowane hoto sai na taɓa maɓalli, gara tun farko in riƙe linzamin da kaina.

Wanda nake aiki da shi shi ne Godox TT600. Batir huɗu na AA yake ci, yana da rediyon 2.4GHz a cikinsa, wato in ka sami ƴar na'urar aika sigina ta Godox kana iya kafa shi can gefe kan ƙafa da lema, kana canza ƙarfinsa daga inda kake tsaye. Lambar da kamfani ke nuna ƙarfinsa da ita 60 ce, amma a sani wannan lissafin sai an matse hasken ya tattaru wuri guda, a aikin yau da kullum bai kai haka ba. Yadda nake yi a biki cikin rumfa da dare, inda babu silin da za a bugo haske daga sama: ISO (saurin jin hasken kyamara) 800, buɗin gilashi f/5.6, ƙarfin flashi wajen 1/8, in tsaya kamar taku huɗu daga mutane. In gwada sau biyu, in duba fuska ba riga ba, shi ke nan. Muddin tazarar ba ta canza ba, hoto ɗari haskensu ɗaya, gyara a kwamfuta ba ya cin dare. Doka guda za ka haddace: in ka ninka tazara, hasken da ke isa ga mutum ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Sati biyu na aiki ƙafarka da kanta za ta san inda za ta tsaya. Ga shi kusan kuɗin TTL guda na Godox zai saya maka manuwel biyu, kuma mai flashi biyu ba ya tsayawa in ɗaya ya yi zafi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40: in ka jera haske wajen 30 a cikakken ƙarfi, flashin zai ja da baya don kare kansa.

Yongnuo YN560 IV ma manuwel ne, ba laifi. Canon 600EX II-RT da Nikon SB-5000 kaya ne masu kyau, kuɗinsu kuwa na wanda ya riga ya kafu ne. In aikinka bin masu kokawa ne ko yara masu guje-guje a wajen suna, nan TTL ya fi, nemi Godox TT685 II, wanda zai auna maka sannan da maɓalli guda ya mai da awon zuwa manuwel.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Farkon farawata na biya jika saba'in a wani shago, aka ba ni flashi cikin kwali mai kyau, an rubuta TTL ɓaro-ɓaro. Mai shagon ya danna maɓallin gwaji ya haska mini ido, na gamsu. Ranar ɗaurin aure a unguwar Talaje na gano ba ya magana da kyamarata ko kaɗan, duk hoto da cikakken ƙarfi yake bugawa. Da na juya ƙafarsa sai na ga tsinken ƙarfe guda ɗaya tak. Flashin TTL na gaskiya yana da tsinke da yawa, huɗu na Nikon, biyar na Canon. Har yau ina jin nauyin idon mahaifin amaryar da ya ce, "Ɗana, haka hotunan suka fito?"

Saboda haka kada ka je kasuwa ba tare da kyamararka ba. Ɗora shi, ɗauki hoto, duba. Ka lura da harafin ƙarshen suna: C na Canon, N na Nikon, S na Sony. Masu Canon 4000D da 250D da wasu 2000D su duba kan kyamararsu da kyau, domin an cire musu ƙarfen tsakiya na wurin zura flashi, kuma manuwel mai tsinke guda ba zai tashi a kansu ba. Tsofaffin flashi na zamanin fim da ake zubewa a ƙasa da araha, irin Vivitar 283 na farko, wasunsu na tura fiye da bolt 200 na lantarki ta ƙafa, suna iya ƙona maka kyamara. Na hannu kuwa buɗe murfin batir, in ka ga farin gari ko tsatsa a kan ƙarafan, ajiye musu. Leƙa gilashin gaba, in ya yi rawaya ko ya ƙoƙe, an gasa shi.

Batir ma akwai jabu birjik. An cika kasuwa da masu ɗauke da sunan Eneloop, batirin nan da ake yi wa caji, alhali farin Eneloop na gaskiya cajin da yake ɗauka wajen 2000mAh ne, duk AA da ka ga an rubuta masa 4000 ko 5000 ƙarya ce. Ɗauki ɗaya a tafin hannu, na jabu sau da yawa ba shi da nauyi. Ka ce wa mai shago ya bari ka sa su cikin flashi, ka buga cikakken ƙarfi sau biyar kana ƙirga daƙiƙun da fitilar shiri ke ɗauka kafin ta dawo. In ya hana ka gwadawa, ɗauki kyamararka ka matsa shago na gaba.