Sauraron wayar jama'a: da izinin kotu ko babu?

Tun da Edward Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asiri, ya tona asirin hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA a 2013 ake yawan tambayata wanne ya fi.

Neman izini, yadda dokar Amurka ta 1978 ta tsara, yana cin lokaci: jami'i ya rubuta dalili, alƙali ya duba ya sa hannu. Amma takarda tana nan, akwai wanda za a tuhuma gobe. Hanyar da shugaban Amurka George W. Bush ya bi bayan harin 11 ga Satumba 2001, wato sauraro ba tare da izinin kotu ba, ta fi sauri, sai dai babu mai tsawatarwa. Abin da ke damuna ke nan, domin ɗan jarida da majiyarsa ma suna iya faɗawa ciki.

Izini ya dace da binciken ɗan ƙasa na yau da kullum. Sauraron gaggawa kafin a samu izini kuwa na mai bin sawun harin da ke tafe ne, muddin ya je gaban alƙali cikin kwana 7.