Tsakanin Aliero da poli: amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan ɗanta

Hajiya, ki tura shi Aliero. Tunda kin ce noma yaron yake so, kuma makinsa na JAMB zai iya kai shi jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ko difloma a poli, wato kwalejin kimiyya da fasaha, ni ban ga abin dogon nazari a nan ba. Can na yi karatuna na noma, kuma har gobe da abin da na koyo can nake ci da iyalina.

Jami'ar ta jihar Kebbi ce, an kafa ta a 2006, yanzu kuma sunan Abdullahi Fodiyo take amsawa. Digirin noma shekara biyar ne. Kada adadin ya tsorata ki, domin a cikin biyar ɗin akwai wadda ta fi sauran daraja, wato aji huɗu, shekarar da ɗalibi ke barin benci ya koma gona. Shekarar farko kusan duk kimiyyar sakandare ce ake maimaitawa da zurfi, lissafi da kimiyyar sinadarai da ta halittu, kuma a nan yara da yawa ke karaya su ce ba wannan suka zo nema ba. Ki gaya masa tun yanzu ya daure. A aji biyu da uku za a shiga ilmin ƙasa, amfanin gona, kiwo, tattalin arzikin noma da aikin malamin gona. A aji biyar ne mutum ke tsayawa kan fanni ɗaya ya yi bincikensa.

Abin da ya sa nake cewa Aliero, garin kansa makaranta ne. Duk wanda ya san kasuwar albasa a ƙasar nan ya san sunan Aliero, manyan motoci daga can suke lodi zuwa kudu. Ɗalibin noma a garin ba ya buƙatar a nuna masa hoton albasa a littafi, da ya fito ƙofar makaranta zai ga masu yin ta tun kaka da kakanni.

Lokacin da muke aji huɗu, akwai wani dattijo da nake zuwa gonarsa da yamma in na tashi daga tamu. A aji an karantar da mu cewa yawan takin yuriya a ƙarshen noma yana sa albasa ta yi kaurin wuya ta kasa ajiyuwa. Na rubuta, na haddace, na ci jarrabawa a kai. Amma a gonar dattijon nan na ga abin da idona. Ya ciro guda biyu daga fangali daban-daban, ya miƙo mini ya ce in matsa wuyansu. Ɗaya siririya, ta bushe ƙayau, ɓawonta na ƙara a hannu. Ɗayar kuwa babba ce mai kyan gani, amma wuyanta taushi, da ka matsa sai ka ji danshi. Ya ce, “Ɗan makaranta, wannan ƙatuwar ta kasuwar gobe ce, waccan ƙaramar ita za ta kai damina.” Shi ya nuna mini yadda ake yanke ruwa in ganye ya fara kwantawa, a bar ta ta sha iska a inuwa kafin a kai ta ajiya, da yadda ake ɗaga ta daga ƙasa don iska ta riƙa ratsawa. Ni kuma na auna masa ƙasar wani ɓangare da ya daɗe yana ba shi wahala, muka gane taki yake zubawa fiye da buƙata. Ya rage, ya ga bambanci a aljihunsa. Ranar da zan bar garin, buhu guda ya sa aka ɗora mini a mota, ya hana ni cewa komai. Allah ya saka masa da alheri.

A wannan harkar ribar tana wajen ajiya. Lokacin kaka albasa ta cika kasuwa, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Wanda ya iya riƙe tasa ba ta ruɓe ba har ta yi ƙaranci, shi ke cin moriya. Yaron da ya haɗa ilmin aji da na irin waɗannan dattawa, ko gwamnati ba ta ɗauke shi aiki ba, ba zai zauna a gindin bishiya ba. Kebbi ƙasar shinkafa ce, ga masana'antun casa a Birnin Kebbi da Argungu, ga noman rani a fadamu, ga kamun kifi a Yauri. Duk wuraren nan suna neman wanda ya san abin da yake yi.

Poli kuwa, to, ba zan ce ba ta da amfani ba. Polin tarayya ta Waziri Umaru tana Birnin Kebbi, akwai kuma wata ta tarayya a Ƙaura Namoda, kuma sun fitar da masu sana'a da yawa. Sai dai a yi lissafi: ƙaramar difloma (ND) shekara biyu, horon aiki na IT shekara ɗaya, babbar difloma (HND) shekara biyu. Biyar ke nan, daidai da digirin noma. Bayan haka in yana son digiri na biyu, galibi sai ya fara yin PGD, wato diflomar share fagen digiri na biyu. In kuma ya gama ND ya nemi tsallakawa jami'a ta hanyar shiga kai tsaye, aji biyu za a sa shi, ya zama shida. Batun fifita digiri a kan HND a aikin gwamnati ma har yau bai mutu ba, majalisar tarayya ta zartar da ƙudirin soke bambancin a 2021 amma bai zama doka ba. Wanda zan ce ya tafi poli shi ne yaron da gidansu ba za su iya ɗaukar nauyinsa fiye da shekara biyu ba, yana so ya riƙe takarda ya fara nema. Ke ba ki ce haka ba.

Akwai kuma jami'ar noma ta tarayya a Zuru da aka kafa a 2020, in kina son ki ajiye ta a matsayin zaɓi na biyu.

Zaman garin shi ne abin da iyaye ba su cika tambaya ba, alhali shi ke kayar da yara. Aliero ba birni ba ce, kuma ni a ganina alheri ne ga yaro ɗan shekara sha takwas, babu wuraren ɓata lokaci da kuɗi. Shekarar farko ya nemi gado a ɗakin kwanan ɗalibai, ya san mutane, ya san lokacin lakca ba tare da kuɗin kabu-kabu kullum ba. Daga baya in sun haɗa kai da abokai biyu ko uku na kirki, su kama ɗaki a gari. In za a kama, a fara tambayar ruwa kafin a tambayi wuta. Zafin watan Maris da Afrilu a yankin nan ba wasa ba ne, kuma ɗakin da sai an sayi ruwa a wajen mai kura kullum zai cinye kuɗin abincinsa. Ki haɗa masa shinkafa, wake, garin kwaki, manja ko man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, yaji da ɗan busasshen kifi. Albasa kam kada ki wahalar da kanki. Ya tafi da gidan sauro, fitila mai caji, da takalmin roba na shiga gona. Jega na kusa in yana buƙatar babbar kasuwa, Birnin Kebbi ma ba nisa, kina iya leƙa shi ki dawo a yini.

Idan kuɗi suka yi wuya, akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024. Kuɗin makaranta kai tsaye suke tura wa makarantar, ɗalibi kuma ana ba shi na kashewa duk wata. Bashi ne, za a biya bayan an gama hidimar ƙasa an fara samu, don haka ku zauna da mahaifinsa ku yi shawara kafin ya cika.

Ba ki tambaya ba, amma dole in faɗa, domin lokacin nan ne 'yan damfara ke fitowa. Duk wanda ya kira ki ya ce yana da hanya a ofishin ɗaukar ɗalibai, ki turo kuɗi ya saka sunan yaron, ɓarawo ne, ko da ya ambaci sunan babban malami. Gurbin karatu na gaskiya a shafin CAPS na JAMB yake fitowa, yaron da kansa zai shiga ya karɓa. Wanda bai fito a can ba, ko an ba shi takarda mai hatimi, zai sha wuya ranar da za a tura sunaye hidimar ƙasa. Kuɗin makaranta kuma ta shafin makarantar ake biya a riƙe rasit, ba a asusun wani mutum ba. Haka dillalan ɗaki: wasu ɗaki ɗaya suke karɓar kuɗin mutum biyu a kai su kashe waya. Kada a ba da ko sisi sai an ga ɗakin, an ga mai gidan ido da ido, an rubuta a takarda da shaidu. Masu sayar da tsohuwar kwamfuta ma haka, za su ce masa dole ne tun aji ɗaya. Ba dole ba ne, wayarsa ta ishe shi karanta darasi, ya bari sai lokacin bincike ya gabato, sannan ya je da wanda ya san kaya ya duba batir ɗin kafin a biya.

Ki duba takardarsa ta WAEC ko NECO tun yau, a tabbatar yana da kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, lissafi, kimiyyar sinadarai da ta halittu ko noma. In Aliero ba ita ce zaɓinsa na farko a JAMB ba, ya je cibiyar da JAMB ta amince da ita ya canza kafin makarantar ta rufe tantancewa. Allah ya yi masa albarka, ya ba shi ilmi mai amfani.