Tiyatar farfaɗiya da hasken leza: yadda abin yake a Ingila

'Yan uwa na gida, ina gaisuwa da fatan alheri. Tunda aikin jinya nake yi a nan Ingila, ana ta turo mini tambaya iri ɗaya a WhatsApp: wai da gaske ne Turawa sun samo wani haske da ke ƙone farfaɗiya, mutum ya kwana ɗaya a asibiti ya koma gida? Wani ma cewa ya yi in nemo masa farashi, zai sayar da fili ya kawo ɗansa.

Aikin dai gaskiya ne. A 2024 hukumar lafiya ta NHS ta fara yin sa a asibitin King's College da ke Landan da kuma Walton Centre da ke Liverpool. Amurka ta riga su da daɗewa, don tun 2012 likitocin asibitin yara na Texas, a birnin Houston, suka ba da rahoton yi wa yara masu farfaɗiya wannan aiki.

A tiyatar da aka saba, sai an buɗe ƙoƙon kai a yanke ɓangaren ƙwaƙwalwar da ciwon ke tasowa, mutum ya yi kwanaki a gadon asibiti, sannan watanni yana jinya a gida. A wannan kuwa ɗan ƙaramin rami ake hudawa, a zura wata siririyar waya, kaurinta kamar tsinken tsintsiya, har ta kai daidai inda matsalar take. Sai a shigar da marar lafiya cikin na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, a kunna lezar. Likita na kallon allo, yana ganin yadda zafi ke hawa a wurin da ake so a ƙone da kuma kewayensa. Idan zafin ya doshi lafiyayyen nama, na'urar kashe kanta take yi. Ƙonawar ta 'yan mintuna ce, shirin ne ke cin sa'o'i. Ɗinki ɗaya ake yi, kuma galibi kwana ɗaya ko biyu ake sallamar mutum.

To amma ga abin da bidiyon da ake yaɗawa ba ya faɗa. Masu farfaɗiya a Birtaniya sun kai wajen 600,000, NHS kuwa ta ce kimanin mutum 50 take sa ran za a yi wa aikin a shekara. Dalili shi ne sai wanda aka gwada wa magani iri biyu da suka dace da ciwonsa, ya sha su yadda ya kamata, amma faɗuwar ba ta tsaya ba. Kuma dole ciwon ya kasance daga ƙaramin wuri guda yake tashi. Ya fi dacewa da mai tabo a can cikin ƙwaƙwalwa ta wajen kunne, ko yaron da aka haifa da ɗan ƙari a tsakiyar ƙwaƙwalwa, irin wanda ke sa shi fashewa da dariya ba gaira ba dalili. Gano wurin ma aiki ne ja. Ana kwantar da mutum kwanaki da wayoyin gwajin EEG (mai auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa) a kansa, kyamara na ɗaukarsa, ana jiran ciwon ya tashi. Ana gwada ƙarfin tunawarsa da maganarsa. Wani sai an dasa masa wayoyi a cikin kai tukuna. Ga layi, a nan ma jiran ganin likitan ƙwaƙwalwa kan kai watanni, kada wani ya ce muku Turai babu jira.

Ba kowa ke rabuwa da ciwon ba. Wani bincike da aka buga a 2019 kan mutum 234 a Amurka ya nuna kashi 58 cikin ɗari ne faɗuwarsu ta tsaya. Tsohuwar tiyata ta ɗan fi haka nasara, sai dai ta fi taɓa ƙarfin tunawa da sunayen abubuwa. Lezar ma tana iya rage wa mutum gani ta gefe. Bayan aikin kuma ana ci gaba da shan magani.

Batun kuɗi: mazaunin ƙasa ba ya biyan ko kwabo a asibiti, ko da yake mu baƙi masu bizar aiki akasarinmu ana karɓar fam 1,035 a shekara na lafiya, ban da haraji. Wanda ya zo da bizar ziyara kuwa, kuɗin aikin da ƙarin rabinsa ake cajinsa. Shi ya sa na ce wa mai filin nan ya dakata.

Ni abin da ya fi burge ni a nan ba lezar ba ce. Mai farfaɗiya a Ingila kyauta yake karɓar maganinsa, alhali wasu na biyan fam 9.90 kan kowane magani. A wurare da yawa yana da nas ta musamman da zai buga wa waya. Ana hana shi tuƙi sai ya shekara bai faɗi ba, amma a ba shi katin hawa bas kyauta. Idan ya faɗi a titi, a sa masa abu mai laushi ƙarƙashin kai, a juya shi gefe in jijjigar ta lafa, a kira motar asibiti in ta wuce minti biyar. Ba mai cusa masa cokali a baki, ba mai gudun yawunsa, don ba a ɗaukar ciwon ta nan.

A gida fa? Yaro ya sha maganin farfaɗiya irin su Tegretol wata biyu, kuɗi ya ƙare ko kemis ya ce babu, a tsaya. Ciwon ya dawo da ƙarfi, a ce ai na iska ne, ba na asibiti ba. Da yawan waɗanda ake cewa ciwonsu ya gagari magani, maganin ne bai samu a kai a kai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace, amma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samun sa.

Wanda ya riƙe magani biyu tsakani da Allah bai ga sauƙi ba, ya nemi a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa mafi kusa. Ya tafi da kwalayen magungunan da ya sha, da takardar ranakun da ciwon ya tashi, da bidiyon faɗuwar a waya, domin da wuya ciwon ya tashi a gaban likita.