Raleigh Mustang ko Specialized Rockhopper: wanne za ka saya?

Malam, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce ka tarar da tsoffin kekuna biyu a wurin mai kayan gwanjo, duka na hawan dutse masu giya, duka na ƙarfe, tayarsu inci 26: ɗaya Raleigh Mustang, ɗaya Specialized Rockhopper. Mai kaya ya tsuga wa Raleigh kuɗi fiye da ɗan'uwansa, wai shi ɗan Ingila ne, ɗayan kuwa ba wanda ya san sunansa. In dai lafiyarsu ɗaya, ɗauki Rockhopper, kuma kada ka bari mai kayan ya ga zumuɗi a fuskarka.

Ban ga laifinsa ba. A ƙasar Hausa sunan Rali ya daɗe da zama ma'aunin keke. Kamfanin Nottingham ne, ya samo sunansa daga wani titi da ake kira Raleigh Street, inda Frank Bowden ya tarar da ƙaramin shagon haɗa kekuna a 1887 ya zuba kuɗinsa a ciki. Tsuntsun nan da ke goshin keken, wanda wasu ke ce wa balbela, zalɓe ne. Sun iya talla ƙwarai: a Afirka suka baza hoton mutum a kan keke yana dariya, zaki na bin sa ya kasa cim masa. Har masana'anta suka kafa a Kano. To amma keken da ya jawo musu wannan martaba shi ne baƙin nan mai birkin sanda da kariya, wanda iyayenmu ke ɗora wa buhun gero su yi ta tafiya kasuwar ƙauye shekara ashirin bai ce uffan ba. Mustang ɗin da ka gani suna kawai ya gada daga wancan, bai gaji jikinsa ba.

Shi keken hawan dutse haihuwar Kalifoniya ne. A shekarun 1970 wasu samari a yankin Marin, arewa da San Francisco, suka riƙa tono tsoffin kekunan kamfanin Schwinn na Amurka, na shekarun 1930 da 1940, masu faffaɗar taya, suna gangarowa da su daga kan tuddai. Ranar 21 ga Oktoba 1976 suka yi tseren farko a wata gangara kusa da garin Fairfax, tsawonta ya ɗan haura kilomita 3, zurfinta kamar mita 400. Birkin kekunan a cikin cibiyar tayar baya yake, kafin a iso ƙasa giris ɗinsa ya ƙone yana hayaƙi, sai an kwance an sake cusa wani. Daga nan tseren ya samu sunansa, Repack, wato sake cusa giris. Joe Breeze ya gaji da karyewar tsoffin ƙarafa, ya ƙera nasa firam a 1977. A 1979 Gary Fisher da Charlie Kelly suka fara sayar da kekunan da Tom Ritchey ke ƙera musu da hannu, suka sa wa kamfaninsu suna MountainBikes. Sun nemi a yi musu rajistar sunan ya zama nasu su kaɗai, ba su samu ba, ya zama na kowa. Da sun samu, da yau wani suna daban muke kiran abin.

Nan Specialized ya shigo. Mike Sinyard ya kafa shi a 1974 yana shigo da kayan keke daga Italiya yana sayar wa shaguna. Ya sayi kekunan Ritchey, ya ga kasuwar da ke tafe, ya sa aka zana masa nasa, aka ƙera a Japan. A 1981 Stumpjumper ya fito a kan dala 750, kusan rabin kuɗin na hannu. Mutanen Marin sun ji haushi, suna ganin kwaikwayonsu aka yi, kuma ni ma ina ganin suna da hujja. Sai dai Sinyard ne ya kai keken nan shagon da talaka zai iya shiga. Rockhopper ƙanen Stumpjumper ne, ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1980: siffa kusan ɗaya, kayan jiki masu ɗan sauƙin kuɗi.

Raleigh kuwa ya makara. Sai a 1985 ya fitar da Maverick, lokacin wani ƙaramin kamfani mai suna Muddy Fox ya riga ya shiga kasuwar. Da Raleigh ya farga, sai ya bi hanyar da ya fi sani, wato ya yi da yawa ya sayar da araha. Mustang, Lizard, daga baya Activator, duk na wannan layi ne: kekunan da uba ke saya wa ɗansa ɗan sakandare lokacin Kirsimeti. Fenti mai ɗaukar ido, manyan haruffa a jiki, taya mai ƙuraje. Sun sayu sosai, shi ya sa suka cika kwantenonin gwanjo yanzu.

To ka jera su gefe da gefe. Fara da 'yar takardar da ke manne a bututun da ke ƙarƙashin sirdi. A irin su Mustang sau da yawa za ka ga 18-23, ƙarfen Raleigh ne na yau da kullum, mai kauri da nauyi. A Rockhopper za ka ga Cr-Mo, ƙarfe ne da aka gauraya da wasu sinadarai biyu, ya fi ƙarfi, don haka ake iya yin bututun siriri ba tare da ya karye ba. Ɗaga kowanne da hannu ɗaya, hannunka zai faɗa maka sauran bayani. Sannan duba abin da ke sauya giya a baya. Sau da yawa na kamfanin Shimano za ka gani a duka biyun, amma Shimano hawa-hawa ne. In an rubuta Deore, LX ko STX, kaya ne na ƙwarai da ke jure shekaru. In SIS kawai aka rubuta ko Tourney, na ƙasan layi ne, da ƙarfen gwangwani da roba. Rim ma haka: na Rockhopper alminiyom ne, wasu Mustang na farko kuwa rim ɗin ƙarfe ne mai ƙyalli, wanda birki ba ya kama shi sosai in ruwa ya taɓa shi. A damina wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kada ka ɗauka ina cewa Raleigh bai taɓa yin na kirki ba. Yana da wani sashe na musamman da ya yi Dyna-Tech da manyan M-Trax, kuma John Tomac da sunan Raleigh ya ci gasar duniya ta keken hawan dutse a Italiya a 1991, shekara ɗaya bayan Ned Overend ya ci ta farko a Durango ta Amurka a kan Specialized. Da Dyna-Tech ka ce min ka gani, ko wani Raleigh mai takardar Reynolds 531, wato bututun ƙarfe na ƙwarai, da amsata ta sauya. Haka kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa Specialized ɗan Amurka ne. Ofishinsu ne a Morgan Hill ta Kalifoniya, Rockhopper na shekarun 1990 a Taiwan aka yi shi, kuma wannan ba aibi ba ne, domin a lokacin masana'antun Taiwan sun riga sun ƙware. Kamfanin Giant na Taiwan ma da yi wa Schwinn ƙira ya girma kafin ya fara sa nasa suna.

Hausawa na cewa suna linzami, amma a harkar keke suna haja ne, ana saye ana sayarwa. Raleigh ya koma hannun kamfanin Derby a 1987, ya daina haɗa keke a Nottingham a 2002, kamfanin Accell na Holan ya saye shi a 2012. Schwinn ya karye a 1992, ya sake karyewa a 2001, sunansa ya koma kan kekunan manyan kantuna masu araha. Kamfanin Trek ya saye sunan Gary Fisher a 1993. Shi kansa Specialized ya sayar wa Merida na Taiwan kaso mai tsoka a 2001. Saboda haka in ka ga suna a jikin tsohon keke, abin tambaya shi ne na wace shekara ne, kuma wane mataki ne a cikin gidan.

Kafin ka miƙa kuɗi, sassauta sandar sirdi ka ga tana motsi, domin in tsatsa ta haɗe ta da firam, mai gyara zai sha wahala, kai kuma ka sha kashe kuɗi. Shafa ƙasan bututun kusa da wuyan keke: in ka ji ƙundu ko ka ga fenti ya tsattsage a wurin, keken ya taɓa yin karo, bar shi ko da Stumpjumper ne. Juya shi ka ga lambar da aka buga a ƙarƙashin mazaunin feda, kuma ka yi hattara da sabon fenti mai sabuwar sitika, don ana manna babban suna a kan ƙaramin keke. In gaban Rockhopper ɗin sandararren ƙarfe ne ba shoka, ka gode wa Allah, domin robar da ke cikin shokar wancan zamani ta daɗe da mutuwa kuma da wuya a same ta. Taya, tif, sarƙa da robar birki duk za ka samu a wurin masu gyara.

In da hali, turo mana hoton takardar bututun da na giyar baya na kowannensu kafin ka koma wurin mai kayan.