Recuva ko ddrescue: wanne ya dace da faifan ajiyar da ya fara mutuwa?

Ɗan'uwanmu ya tambaya: kwamfutarsa ta fara sanƙarewa, wasu fayiloli sun ƙi buɗewa, ga aikin kammala digirinsa a ciki. Cikin manhajojin ceto fayiloli, wani ya ce masa ya sauke Recuva, wani ya ce ddrescue. Wanne zai ɗauka?

Malam, ka fara kashe ta tukuna. Faifan ajiya mai juyawa (hard disk) galibi sau 5400 ko 7200 yake juyawa a minti ɗaya, allurar karatu na shawagi dab da fuskarsa. In fuskar ta fara lalacewa, duk karatun da aka tilasta masa rauni yake ƙara mata.

Recuva manhaja ce mai kyau, amma an yi ta ne don fayil ɗin da aka goge bisa kuskure a faifai mai lafiya. Da ta iso gurbin da ya lalace, Windows zai yi ta maimaita karatu a wuri guda, faifan ya yi zafi, aiki ya tsaya cik. Shi kuwa chkdsk, umarnin Windows na duba faifai da gyara shi, da masu gyara ke saurin kunnawa, ya fi ba ni tsoro, domin rubutu yake yi a kan faifan da ke jinya. Sau da yawa ƙarshenta sai ka tarar da takardunka sun zama gutsattsari a jakar FOUND.000.

Ita ddrescue ba ruwanta da sunan fayil. Kwafin faifan take yi ɗungurungum zuwa wani faifai mai girmansa ko fiye. Tana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, ta tsallake masu gardama, sai daga baya ta dawo ta lallaɓa su kaɗan-kaɗan, kamar mai fitar da kaya daga ɗakin da ruwa ya fara ci. Tana kuma rubuta taswirar inda ta kai, don haka ko an ɗauke wuta, daga nan za ta ɗora. Wannan kaɗai ya isa ya sa in zaɓe ta. In kwafi ya kammala, a kansa za ka saki Recuva ko PhotoRec, wata manhajar ceto fayiloli, yadda ka ga dama.

Wahalar ddrescue: sai ka tayar da kwamfuta da Linux, wato wata babbar manhaja a madadin Windows, misali nau'in SystemRescue a filash, sai ka sayi faifai na biyu, kuma aikin kan ɗauki kwanaki. Babban haɗarin shi ne juya sunayen da Linux ke ba faifan biyu. In ka sa /dev/sdb a gurbin /dev/sda, faifan da babu komai zai shafe mai kayanka. Ka duba da lsblk, umarnin da ke jero faifai da sunayensu, kafin ka danna komai.

Amma in kana jin ƙas-ƙas-ƙas daga ciki, ko faifan ya ƙi juyawa, da Recuva da ddrescue duk ba naka ba ne. Galibi allurar ce ta samu matsala, kuma wannan aikin ƙwararru ne masu ɗakin da ƙura ba ta shiga. Da tsada, gaskiya. Don Allah kada ka sa shi a firji, kada kuma ka bari a kwance shi a kan teburin shago.